Gyaran Makarantun Jama'a a Ƙasar Gwandu da Ƙasar Kabi

Jawabin da aka karanta a gaban tsofaffin ma'aikatan En'e ta Gwandu da ta Argungu, da waɗanda suka gaji ayyukansu.

 

  

An taru yau domin tunawa da mutanen da suka riƙe aikin ƙasa lokacin da alƙalami ya ke da wuyar samu. Amma tunawar da ba ta haifi aiki ba, ba ta amfanin wanda ya tafi, ba ta kuma amfanin wanda ya saura. Saboda haka aka zaɓi magana guda ɗaya daga cikin ayyukan En'e, ita ce maganar makaranta, a duba yadda aka faro ta, da inda ta karkace, da abin da ya kamata a yi don a miƙar da ita. Waiwaye, an ce, adon tafiya ne.

TUSHEN DA AKA GADA

Ya kamata a fara da faɗin cewa ba Turawa suka kawo ilmi kwarin gulbin Rima ba. Tun kafin su zo, Gwandu gari ne na malamai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ci Birnin Kebbi cikin 1805, bai bar takarda ba ko a sansanin yaƙi. Ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano domin koya wa masu mulki yadda a ke hukunci, ya rubuta tafsirin Alƙur'ani mai suna Diya'ut Ta'wil, ya kuma rubuta wani ɗan littafi, Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga ko wannensu. Abin lura a nan shi ne mutumin da ke riƙe da rabin daula ya ga bai ƙasƙanta ba don ya zauna ya ƙidaya malamansa ɗaya bayan ɗaya. Nana Asma'u kuma, 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta naɗa jajis, watau shugabannin mata, suna zagaya ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu, abin da a ke kira 'yan taru.

Lokacin da aka haɗa Arewa da Kudu cikin 1914, Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai kamar 25,000, da almajirai fiye da 200,000. Ba Baitulmali ya gina su ba, ba kuwa dogari ya tara musu yara ba. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, domin sun amince da malamin, sun kuma san abin da yaro zai fito da shi. A riƙe waɗannan abubuwa biyu, amincewa da sanin amfani, gama duk maganar da za ta biyo baya a kansu ta ke.

MAKARANTAR EN'E

Bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903, sai aka mai da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, Argungu kuwa ta zauna da Sarkinta da En'enta. Cikin 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, aka riƙa aika 'ya'yan sarakuna da malamai daga larduna. Cikin 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina domin horon malamai. Daga wajen 1930 aka tsara karatu hawa hawa, Elementare shekara huɗu a garuruwan hakimai, sa'an nan Midil a babban birnin lardi, watau Sakkwato ga yaran Gwandu da Argungu. Cikin 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, kafin shekarun nan goma su ƙare kuwa an buɗe a Sakkwato da Birnin Kebbi da Argungu.

Makarantar En'e tana da abubuwa huɗu masu kyau. Na farko, da Hausa a ke karantarwa a Elementare, har yaro ya iya karanta wasiƙa ya rubuta amsarta, ya yi lissafin fam da sule da kwabo, kafin a ɗora masa Turanci. Na biyu, akwai abin karantawa, gama ofishin talifi na Zariya ya fitar da littattafan hira bayan gasar 1933, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fitowa cikin Janairu 1939. Na uku, makaranta tana da mai ita. Hakimi ya san yawan yaran da ke cikinta, in yaro ya yi fashi kwana biyu za a aika gidan ubansa, akwai kuma malami mai zagayawa wanda ke zuwa ya zauna cikin aji ya ga abin da a ke koyarwa. Na huɗu, malanta aiki ne mai daraja. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Sarkin Gwandu Haruna ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma riƙe alli kafin ya hau gadon sarauta cikin 1954. Alhaji Shehu Shagari ya riƙe makarantar Argungu a farkon shekarun 1950, daga baya ya zama malami mai zagaya makarantun lardi, cikin 1979 kuma ya zama shugaban ƙasa.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi aibin ma. Makarantun ba su da yawa ko kaɗan, gunduma guda sau da yawa makaranta ɗaya ke gare ta, nufin Turawa kuwa bai wuce a sami malaman ofis da za su riƙe littattafan haraji da na shari'a ba. Hanyar tara yara ma ba ta da daɗi. A kan yanka wa dagaci adadi, shi kuwa ya kama ɗan wanda ba shi da gata, mai hali ya fanshi nasa, wani basarake ya ɓoye ɗan cikinsa ya aika ɗan baransa. Da haka talaka ya ɗauki makaranta kamar haraji ko aikin tilas, abin da a ke gudu, ba abin da a ke nema ba. Wannan tabo bai gama warkewa ba har yau, wanda kuwa zai yi gyara ya wajaba ya san da shi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Cikin 1976 abubuwa biyu suka faru tare. Aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, aka kuma buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa cikin watan Satumba. An yi shirin karɓar yara kamar miliyan 2.3 a aji ɗaya cikin ƙasa duka, sai wajen miliyan 3 suka zo. Aka gina azuzuwa da gaggawa, aka horar da malamai da gaggawa. Niyya mai kyau ce, ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka gani. Amma a daidai lokacin da makarantu suka yawaita, a lokacin ne aka janye hannun hakimi da dagaci daga kansu, makaranta ta zama ta gwamnati, abin gwamnati kuwa a idon mutane ba na kowa ba ne.

An ci gaba da ƙoƙari. Cikin 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birni. Cikin 1999 aka ƙaddamar da ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya dominsa. Manyan makarantu sun samu, ga Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar jiha da aka kafa a Aliero cikin 2006, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi cikin 2013. Wanda ya yi tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa Midil ta Sakkwato, da an gaya masa haka, da bai yarda ba.

Duk da haka gini ya yi tsawo, harsashi bai yi ƙarfi ba. Cikin 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa kamar miliyan 20 ba su zuwa makaranta a Nijeriya, Kebbi kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Waɗanda ke zuwa ma ba duka ke samun karatu ba. Cikin 2013 aka gwada yaran aji biyu da aji uku a jihohin Bauchi da Sakkwato, aka tarar mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Sakkwato kuwa maƙwabciya ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ashe cuta biyu ce, yaro ba ya zuwa, in ya zo kuma ba ya koyo. Ta biyun ita ke ciyar da ta farkon, domin manomin da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya shekara shida a makaranta bai iya karanta takardar asibiti ba, ba zai saki nasa ɗan daga gona ba, ba kuwa za a ce ya yi wauta ba.

Ga shawarwari bakwai.

NA FARKO, A ƘIDAYA YARA

En'e ta san yawan masu biyan haraji a ko wace unguwa da yawan shanun da ke biyan jangali a ko wace ruga, ba da na'ura ba, da alƙalami da sawu. Abin da aka iya yi don karɓa, a iya yinsa don bayarwa. Ko wane mai unguwa ya riƙe littafi, ya rubuta sunan ko wane yaro da yarinya tun ranar suna, da shekarar da ya kamata su shiga aji ɗaya. Farkon ko wace shekarar karatu ya zauna da babban malamin makaranta su gwama littafinsa da rajista, sunan da ya ɓace a bi sawunsa. Dagaci ya tara na unguwanninsa ya kai wa hakimi, hakimi ya kai majalisar Sarki da ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Amma da sharaɗi, ba kamu, ba tara a hannun mai unguwa, ba karɓar ko sisi. Aikinsa ya tambayi uba dalili, ya kai dalilin gaba, gama a cikin dalilan nan ne za a ga inda ɗakin ke yoyo.

NA BIYU, A AUNA KARATU, BA GINI BA

An saba in za a faɗi ci gaban ilmi a lissafa azuzuwa da kujeru. Ma'auni na gaskiya shi ne yara nawa cikin goma na aji uku ke iya karanta ɗan labari da yin ɗebewa. A ƙasar Indiya tun 2005 wata ƙungiya mai suna Pratham ke bi gida gida da takarda guda, a nuna wa yaro baƙaƙe, sa'an nan kalmomi, sa'an nan jimloli, sa'an nan labari, a ga inda ya tsaya. Daga nan sai a raba yara bisa ga abin da suka iya, ba bisa ga shekarunsu ba, a ba su sa'a guda ko biyu kullum har su kama. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, haka malamin allo ya ke yi, ba ya wanke wa yaro allo sai ya biya. A yi wannan awo sau uku a shekara, a karanta sakamakon ko wace makaranta a gaban hakimi da iyaye.

Maganar harshe kuma tana nan. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na wurin da yaro ya ke. Cikin 2022 aka ƙara shi zuwa shekara shida, cikin Nuwamba 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar komawa Turanci. Hukunci na masu hukunci ne. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya shugabanta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka karantar da Yarabanci shekara shida ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Ko da wane harshe aka ce a koyar, bai kamata yaron Gulma ko na Kalgo ya bar aji biyu bai iya karanta Hausa ba, domin wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da ya ke ji, ya riga ya yi rabin tafiya zuwa wanda ba ya ji. Inda yara ke tashi da Fillanci ko Zabarmanci ko Dandanci, a nemi malamin aji ɗaya mai jin harshensu.

NA UKU, A GYARA MALAMI

Makaranta ba ta wuce malaminta. Cikin 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kamar 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 suka faɗi, aka sallame su. Jarrabawa ta nuna cuta, amma kora kaɗai ba ta zama magani ba in ba a gyara ƙofar shiga ba. Saboda haka kada a ɗauki malami da takardar wani babba, sai an sa shi ya koyar a gaban masu dubawa. A zaɓi yara masu ƙoƙari daga gundumomin da malamai ke gudu, a kai su Kwalejin Adamu Augie da kuɗin ƙaramar hukuma, bisa alkawarin za su koma garinsu su koyar shekaru kaza. Ɗan gari ba ya neman canji, ba ya kuma iya ɓuya ran kasuwa. Baƙon malami kuma gari ya ba shi masauki da 'yar gona, kamar yadda a ke yi wa limami. A biya albashi a kan kari, a kuma maido da malami mai zagayawa, wanda zai kwana a ƙauye ya zauna cikin aji, ba mai sa hannu a littafin baƙi ya juya ba. Cikin 2023 Jihar Kebbi ta zaɓi Gwamna Nasir Idris, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, saboda haka kukan malami ba ya bukatar tafinta a gidan gwamnati.

NA HUƊU, MAKARANTA TA SAN FADAMA

Arzikin ƙasar nan a fadama ya ke, shinkafa da kifi da albasa da dabba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa cikin 2015, a Argungu aka buɗe babban injin casar shinkafa cikin 2017, bikin kamun kifi kuma, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan cikin 1934, ya shiga littafin al'adun duniya na UNESCO cikin 2016. Amma lokacin dashe da lokacin yankan shinkafa azuzuwa kan zama wayam, malami ya rubuta fashi, uba kuwa ya san ba fashi ba ne, abinci ne. Maimakon a yi ta jayayya da damina, a ba ƙaramar hukuma izini ta matsar da hutu ya dace da aikin gona, ko a mai da karatu safiya zalla cikin makonnin nan. 'Ya'yan Fulani da na masunta suna da hukumarsu tun 1989, a nemi haƙƙinsu wurinta, malami ya bi ruga da mashaya. Lissafin aji ya zama na buhu da mudu da kuɗin taki da ribar rance, don uba ya ga amfanin karatu tun yaro bai gama ba. Ambaliyar 2010 da ta 2020 kuma sun isa wa'azi, sabuwar makaranta a kan tudu za a gina ta, dagaci ne kuwa ya san inda ruwa ke tsayawa.

NA BIYAR, ALLO DA BOKO SU SADU

Cikin 2012 Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, ta gina irinta fiye da 150 a ƙasa, amma da yawa daga cikinsu ba su daɗe suna aiki yadda aka nufa ba, domin an gina ɗaki ba a shawo kan mai almajirai ba. Cikin 2023 aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Hanya mai sauƙi ita ce a je wurin alaramma da ladabi, a roƙe shi sa'a biyu a yini, ko ranakun Alhamis da Jumma'a da ba a karatun allo, a aiko da malamin da shi ya yarda da halinsa ya koya wa yara karatu da lissafi a nan tsangayarsa. A taimake shi da hatsi don yara su rage bara, a kuma ba wanda ya kammala takardar da za ta shigar da shi makarantar gaba. Wanda zai buɗe wannan ƙofa ba jami'i mai fayil ba ne, Sarki ne da limamansa. A ƙasar da Malam Abdullahi ya yi mulki ba a rasa hujjar da za a nuna cewa neman sani bai tsaya ga fanni ɗaya ba.

NA SHIDA, 'YA'YA MATA

Uba ba ya hana 'yarsa karatu don ƙiyayya. Tsoro uku ke gare shi, nisan hanya, da rashin mace a cikin malamai, da rashin tsaro. Tsoron nan kuwa ba na banza ba ne, gama an kwashe ɗalibai a kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri cikin Yuni 2021, an kuma kwashe 'yan mata a makarantar Maga cikin Nuwamba 2025. Saboda haka a yawaita ƙananan sakandare na jeka-ka-dawo kusa da gida, a yi musu katanga da makewayi na mata daban, makarantun kwana kuma a tsare su tsaro na gaske. Ko wace makarantar ƙauye ta sami malama ko da ɗaya ce. Yarinyar da aka aurar kada a rufe mata littafi, a buɗe ajin matan aure da yamma a gidan dagaci ko gidan liman, mace ta koyar da su. Wanda ya ce wannan baƙuwar al'ada ce, a tuna masa da jajis na Nana Asma'u.

NA BAKWAI, KUƊI A FILI

Ma'aikatan Baitulmali da ke zaune a nan sun san ba a fid da kwabo sai da takarda, ana tsara kasafin shekara, mai binciken lissafi kuma yana zuwa. Kuɗin ilmin bai-ɗaya na Tarayya ba ya fita sai jiha ta ajiye nata daidai da shi, saboda haka wajibi ne a ajiye shi ko wace shekara kada rabon yara ya kwana a Abuja. Abin da aka ware wa ko wace makaranta kuma a rubuta shi da Hausa a manna a bangonta, da sunayen malaman da a ke biya a cikinta, don mutanen gari su gwama sunan da ke takarda da fuskar da ke aji. Kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai kwamitin makaranta da dagaci sun shaida aiki ya kammala. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

AMSAR MAI TAMBAYA

Wani zai ce, ai En'e ta wuce, tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, ba su da Baitulmali, ba su da 'yan doka, da me za su yi wannan duka? Amsa tana nan kusa. Lokacin da cutar shan inna ta gagari ma'aikatan lafiya a Arewa saboda iyaye sun ƙi rigakafi, cikin 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, kwamitin da Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera ya zo ya shugabanta. Hakimai da dagatai da masu unguwa suka bi gida gida, ba bulala, ba tara, sai magana da mutunci. Cikin Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Hanyar da ta kai ɗigon magani bakin yaro ita ce za ta kai yaron aji. Abin da ya rage a hannun sarauta shi ne amincewar jama'a, shi ne kuwa abin da makarantar gwamnati ta fi rashi.

Ba a ce a mai da makarantu hannun sarakuna ba, zamani ba ya komawa baya. Gwamnati ta gina, ta horar, ta biya. Sarauta ta ƙidaya, ta duba, ta faɗi gaskiya. Iyaye su kawo yara su kuma tambayi sakamako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da a ke roƙo ga wannan taro kaɗan ne. Ko wane hakimi ya zaɓi makaranta ɗaya a gundumarsa, ya je da kansa ba tare da sanarwa ba, ya kira yara goma na aji uku, ya miƙa musu takardar Hausa su karanta. Abin da ya ji da kunnensa ya rubuta ya kawo majalisa. Bayan shekara ya koma ya sake. Dattawan da suka yi ritaya kuma, waɗanda hannunsu ya saba da rajista, su taimaki masu unguwa buɗe littafin yara. In an yi wannan, sunayen da ke cikin wannan ɗan littafi na tunawa sun sami magada.

Allah ya ja zamanin Sarakuna, ya ba masu mulki ikon adalci, ya shiryi yara, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Gwandu da ƙasar Kabi lafiya. Amin. Wassalam.